Asabar a Hanyar Mirriya

Na bar Zango liman bai shafa addu'a ba,
keken nan nawa mai siririn taya
yana kukan gyare a ƙarƙashina.
Birni na dama, duwatsunsa a gurfane
kamar raƙuman da aka manta a ce su tashi.

A wannan sa'a hanyar tawa ce.
Kamiyo guda ya wuce da lodin albasa,
ya bar mini warinta, ya bar mini shiru.
Sai amalanke, sa yana tafiyar ƙasaita,
yaro na barci bisa buhuna, igiya a hannu.

Gero ya yi kai, ya sunkuya.
Gawo, ƙi ruwan Allah, ya fara saka riga
yanzu da damina ta naɗe tabarmarta.
Ina ƙirga su duka, ina zubawa a aljihu,
don akwai mai jiran lissafi a gida.

Ga tudun.
Daga nesa ba kome ba ne, ɗan kumburi,
sai ka shige shi cinya ta fara ba da labari.
Nakan miƙe bisa feda, in dubi taya kawai,
in ce wa gwiwa: saura kaɗan,
ƙaryar da muka saba yi wa juna.

Kalla, nan ne kake sauka,
ka duƙa, ka ce sarƙa ta zame.
Shekara goma sha ɗaya sarƙar nan
tana zamewa a gindin dutse guda,
ni kuma ban taɓa cewa in gani ba.
Sai in jira ka a sama, in sha ruwa a hankali,
ka iso kana haki kana zagin maƙerin Faransa.

Yau ma na tsaya.
Ƙafa ɗaya a ƙasa, gora a baki,
na waiga.
Kwalta ce kawai, da akuya tana tsallakawa.

Hawan tudu bai kayar da kai ba,
hawan jini ya same ka a kan tabarma
kana ɓare gyaɗa, ranar wata Talata.

Daga nan sai gangara.
Lantana ta ce in riƙa kama birki,
mai jika shida ba ya tsere da iska.
Na ce to.
Na saki.
Riga ta cika kamar buhu, hula ta nemi tafiya,
ido na hawaye, kuma iska ce, wallahi iska ce.

Garaken Mirriya sun tarbe ni da sanyi,
ƙamshin ƙasa jiƙaƙƙiya, rake tsaye a sahu.
Mato mai shayi ya jera kofi biyu,
ya dube ni, ya ɗauke ɗaya,
ya goge tebur wurin da babu datti.
Na sayi rake kara biyu na ɗaure a kariya.

Komawa rana ta yi tsaye,
tudun ya juyo mini da ɗaya fuskar.
Ban yi gardama ba. Na sauka na tura.

Kafin azahar ina zaurenka.
Kekenka na rataye, na sa masa iska
kamar kowace Asabar, ko da ba inda za shi.
Tsahara ta ɗaga labule.
Bakinka ya karkace, amma na iya harshensa:
ramin nan na kusa da gada, sun cike?
Ba su cike ba.
Tsamiyar da aradu ta tsaga?
Ta yi toho ta gefe ɗaya.

Ka yi shiru kana tsotsar rake.
Can ka ce: tudun fa?
Na ce na sauka, Kalla. Sarƙa ta zame.

Rabin fuskarka ya yi dariya,
ɗaya rabin yana biye, a hankali,
muka jira shi.